Ƙanzon da ruwan Landan ke bari a gindin buta

Washegarin ranar da na sauka gidan yayata a gabashin Landan, na riga kowa tashi, na shiga kicin in ɗora ruwan shayi. Ina buɗe murfin butar lantarki sai na ga gindinta fari fat, kamar an dama farar ƙasa a ciki an bari ta bushe. Na sa farce na kankara, wani ɓawo siriri kamar na ƙwai ya ɓallo, ya murmushe a tsakanin yatsuna. Na tsaya ina mamaki, don na san Yaya da tsabta. A gida ita ce mai sa mu sake wanke kwanon da muka riga muka wanke. Da ta sauko na kasa haƙuri.

"Yaya, wannan buta yaushe rabonta da wanki?"

"Kai dai Auta ba ka rabo da bin diddigi. Sati uku ke nan. Ba dauɗa ba ce, ruwan garin ne. Je ka dubi kan shawa ma ka gani."

Na je na duba. Rabin hudojin sun toshe, ruwan na fita a karkace, wani tsiri ya nufi bango, wani ya nufi idon mai wanka. Gilashin banɗakin duk ɗigo-ɗigon fari, bakin famfo kuma ya yi wani gemu mai kaushi.

Turawa suna kiran irin wannan ruwa da sunan da ke nufin mai tauri. Mu a gida ba da buta muke gane shi ba, da sabulu ne: sai ka ji an ce rijiyar gidan su wane ruwanta ba ya kumfa. Wasu kan haɗa shi da ruwan zartsi, amma ba lallai su zama ɗaya ba. Zartsi harshe ke kama shi tun kurɓar farko, wannan kuwa yana iya zama garai-garai, mai daɗin sha, ba ka sanin halinsa sai ka dafa shi ko ka sa masa sabulu. Ni dai ruwa mai alli zan kira shi, tunda abin da ke cikinsa ke nan. Farin ɓawon kuma ƙanzo ne, don yadda tuwo ke kama gindin tukunya a daidai inda wuta ta fi ci, haka shi ma yake yi.

Asalin abin yana ƙarƙashin ƙasa. Kudu maso gabashin Ingila a kan alli yake zaune, alli na gaske, irin wanda ake gani tsaye fari sol a gaɓar teku a Dover. Shekaru miliyan 70 zuwa 100 da suka wuce teku ne ya rufe wurin, ƙananan halittun ruwa masu ƙoƙon alli suna mutuwa suna kwantawa a ƙasa, har suka taru suka zama dutse mai kaurin ɗaruruwan mitoci. Wannan shimfiɗa ta lotsa a tsakiya kamar akushi. Bakinta na arewa shi ne tuddan Chilterns, na kudu tuddan North Downs, Landan kuma tana zaune a cikin akushin, a kan yumɓun da ya cike shi daga baya.

Ruwan sama idan ya sauko ba shi da alli ko kaɗan. Shi ya sa duk wanda ya taɓa wanka da ruwan indararo ya san yadda sabulu ke ƙin fita, jiki ya yi ta santsi. Amma a hanyarsa yana shan iskar kabon, kaɗan a sama, da yawa a cikin ƙasa inda saiwoyi ke numfashi ganye ke ruɓewa. Wannan iska ke ba shi ɗan tsami-tsamin da harshe ba ya ji. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, to a nan ma tsamin yana da aikin yi: shi ke lasar dutsen alli sannu a hankali, ya narkar da sinadarin kalsiyam, da ɗan magniziyam, ya tafi da su. Mafi yawan ruwan famfon Landan daga kogin Tems da kogin Lea ake ɗebo shi a tara a manyan tafkuna, sauran kuma daga rijiyoyin burtsatse da aka haƙa cikin allin kansa. Kada mutum ya ce ai na kogi zai fi sauƙi. Tems daga tuddan Cotswolds ya taso, su ma dutsen farar ƙasa ne, rafukan da ke ciyar da shi kuma daga idanun ruwan alli suke ɓuɓɓugowa. Ko ta ina aka ɓullo, dutsen ya riga ya shiga ruwan.

Ana auna abin da miligiram nawa na alli ke cikin lita guda. A ma'aunin hukumar da ke sa ido kan ruwan sha a Ingila, ƙasa da 100 ruwa ne mai laushi, daga 200 zuwa 300 mai alli ne, abin da ya haura 300 kuwa ya kai maƙura. Landan ta wuce 200 da nisa, unguwanni da dama suna kusantar 300. Lissafin yana da ban tsoro idan aka yi shi a takarda. Mutum guda a Ingila yana amfani da kimanin lita 140 a rana. Gida mai mutum huɗu lita 560 ke nan. Idan kowace lita tana ɗauke da miligiram 250, to giram 140 na dutse ke ratsa gidan kullum, a shekara ya haura kilo 50. Buhun siminti guda ke nan, narke a cikin ruwa.

Masu sayar da na'urorin tace ruwa suna son wannan lissafi ƙwarai, suna kuma faɗinsa kamar buhun nan duka a cikin bututun gidanka yake kwantawa. A nan ne na rabu da su. Mafi yawan allin yadda ya shigo a narke haka yake fita a narke, ya bi masai da magudanar wanka ya tafi abinsa. Ruwa mai alli, muddin yana da sanyi kuma yana tafiya, ba ruwansa da kowa. Abu biyu ke sa ya ajiye kayansa: zafi, da bushewa. Wanda ya riƙe wannan zai iya zagaya gidansa ya nuna da yatsa inda ɓarna za ta faru da inda ba za ta faru ba.

Sha'anin zafin ya saɓa wa abin da muka saba. Sukari da gishiri sun fi narkewa a ruwan zafi. Alli kuwa akasin haka yake yi. Abin da ke riƙe shi a narke ita ce iskar kabon ɗin nan, ita kuma ba ta zama a ruwan zafi, kamar yadda lemon kwalba ke sacewa idan an buɗe shi an bar shi a rana. Da zarar iskar ta fita, allin ba shi da mariƙa, sai ya koma dutsen da yake tun asali, ya kama wuri mafi zafi da ya samu. Abin yana farawa a hankali, ya tsananta idan zafin ya haura digiri 60. To kuma wuri mafi zafi a kowace na'ura shi ne ƙarfen da ke ba da zafin, wanda masu gyara ke kira elemen. Wato ƙanzon yana zaɓar daidai zuciyar na'urar.

Yanzu ga inda ake yawan ruɗa mutane. Za ka ji ana cewa ƙanzo mai kaurin milimita ɗaya yana ƙara kuɗin wuta da kashi kaza. Maganar tana da gaskiya a wani wuri, a wani wurin kuma ba ta da ita. Ƙanzo bargo ne. Zafi yana ratsa jan ƙarfe fiye da yadda yake ratsa shi sau ɗari ko sama da haka. A butar lantarki, ko hitar da ake tsomawa a bokiti, elemen a cikin ruwa yake tsundum. Duk zafin da ya haifar ba shi da wata mafita sai ta cikin ruwan, ko da bargo ko babu. Saboda haka wutar da za ka biya kusan ɗaya ce. Abin da ke canzawa shi ne halin da elemen ɗin ke ciki. Kafin zafinsa ya keta bargon dole shi kansa ya yi zafi fiye da yadda aka ƙera shi ya jure. Kullum yana cikin zazzaɓi, wayar da ke cikinsa tana gajiya, wata rana ta tsinke. Wani lokaci kuma makashin da ke kare butar daga ƙonewa ya riƙa kashe ta kafin ruwa ya tafasa, mai gida ya ce buta ta lalace ya jefar, alhali lemun tsami biyu ne maganinta.

Tukunyar gas da ke dumama gida da ruwan wanka, wadda can ake kira boila, labarinta daban ne. Ita wuta tana waje ne, ruwa na cikin bututu, tsakaninsu bangon ƙarfe. Idan bangon ya yi bargo, zafin da ya kasa shiga yana da ƙofar fita: ya bi hayaƙi ya fice ta bututun sama, ka biya kuɗin dumama tsuntsaye. A nan asarar ta gaske ce, kuma kowane wata ake biyanta. Boilar zamani da ta fi yawa a gidajen Landan ba ta tara ruwa a tanki, tana dumama shi ne nan take yana wucewa ta tsakanin wasu faifan ƙarfe da aka jera dab da juna, hanyar ruwan ba ta wuce 'yan milimitoci ba. Ƙanzo kaɗan ya isa ya shaƙe ta. Alamar farko ita ce mai wanka ya ji ruwa ya yi zafi kamar zai saɓule fata, kafin ya kauce ya koma ƙanƙara. Wani lokaci boilar ta riƙa gurnani da ƙara kamar butar da ke shirin tafasa, saboda ruwan da ya maƙale a ƙarƙashin ɓawo yana zama tururi yana fashewa.

Wani abin lura: ruwan da ke zagaya ƙarafan dumama ɗaki ba ya yin wannan ɓarna sosai, domin shi rufaffe ne, ruwa ɗaya ne ke ta kewayawa shekara da shekaru. Allin da ya zo da shi ya ajiye sau ɗaya, shi ke nan. Ɓangaren ruwan wanka da wanke-wanke ne ke shan wahala, don kowace daƙiƙa sabon ruwa ke shigowa da sabon kaya. Shi ya sa jagoran ƙa'idojin gini na Ingila ya ce inda allin ya haura 200, a sa abin da zai rage ƙanzo a hanyar ruwan da ke shiga irin waɗannan na'urori. Mutum zai ce to a rage zafin tankin ruwa mana, a huta. Tsugune ba ta ƙare ba, domin ana son ruwan da aka tara ya kai digiri 60 ne saboda ƙwayar cutar lejiyonela, mai haddasa mummunan ciwon huhu, wadda ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi-ɗumi. Zafin da ke kashe ƙwayar cuta shi ne daidai zafin da alli ke fara zuba sosai. Dole a tsaya a bakin iyakar, kada a yi ƙasa, kada kuma a wuce ba dalili.

Bushewa kuwa ta fi zafi rashin imani, don ita ba ta barin komai. Idan ɗigon ruwa ya bushe, duk abin da ke cikinsa a nan zai zauna, har da nau'in allin da tafasa ba ta fitar da shi, irin wanda ya haɗu da sinadarin farar wuta. Dutsen guga mai tururi aikinsa ke nan, ya mai da ruwa iska, don haka cikinsa ma'ajiyar dutse ce. Na ga abin da idona ranar Juma'a. Mijin Yaya ya shimfiɗa shaddarsa ruwan bula, ya danna maɓallin tururi, dutsen ya yi tari ya tofo ɓarɓashin fari da wani ruwa mai tsatsa-tsatsa a daidai ƙirjin rigar, kusa da aikin. Bai ce komai ba, ya tsaya yana kallonta kamar mai karanta wasiƙar ta'aziyya. Da jallabiya ya je masallaci. Tabon gilashi, gemun famfo, toshewar kan shawa, da robar tankin masai da ke ƙin rufewa ruwa ya yi ta tsiyaya dare da rana, duk 'yan uwa ɗaya ne.

Injin wanki ne ake yi wa ƙari. Tallace-tallace sun daɗe suna nuna elemen ɗinsa naɗe da farin dutse don a sayi ƙwayar da ake jefawa cikin kowane wanki. Amma yawancin mutane yanzu da digiri 30 ko 40 suke wanki, zafin da bai kai na zubar alli sosai ba, kuma omon kansa an riga an zuba masa sinadaran da ke kama kalsiyam su ɗaure. A da sinadarin fosfet ne ke wannan aiki, sai aka ga yana zama taki a koguna, gansakuka ta cika su kifi ya shaƙe. Tarayyar Turai ta taƙaita shi a omon wanki daga 2013, a na injin wanke kwanuka daga 2017, aka koma ga wasu sinadaran. Hasarar da ke nan ta fi zama ta aljihu a hankali: dubi bayan kwalin omo a Ingila za ka ga awo kala-kala, mai ruwan alli an ce ya ƙara. Injin wanke kwanuka shi ya zo da nasa matacin a ciki, abin da yake buƙata kawai a riƙa zuba masa gishirinsa. Wanda ya manta, kofunan gilashinsa za su fito da hazo.

Sabulu na gaske, irin na mai da toka, shi ya fi shan kaye. Kalsiyam yana kama shi ya mai da shi wani dusa-dusa mai danƙo da ba ya narkewa. Sai sabulun ya gama biyan wannan haraji kafin ragowar ta fara kumfa. Dusar ce ke zama zobe a bahon wanka, ta sa tawul ya yi kaushi, gashi ya yi cibiri-cibiri. Har shayi bai tsira ba. Wannan yanar da ke kwantawa a saman baƙin shayi tana ƙyalli kamar an ɗiga mai, wasu masana biyu na kwalejin Imperial da ke Landan, Michael Spiro da Deogratius Jaganyi, sun bi ta a 1993 suka nuna cewa alli ne ya haɗu da sinadaran ganyen. Matsa lemun tsami ka ga ta ɓace. Kamfanin Yorkshire Tea har wani haɗi na musamman yake sayarwa domin masu irin wannan ruwa.

Tambayar da kowa ke yi, ni ma ita na yi: abin da ya yi wa buta haka, me zai yi wa ƙoda? Amsar ita ce cikin mutum ba buta ba ne. Jiki bai wuce digiri 37 ba, tumbi kuma cike yake da tsamin da ya fi na lemo ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wa allin ruwa wata iyaka ta fuskar lafiya ba, domin ba ta ga gamsasshiyar hujjar cutarwa ba. Kalsiyam ɗin ma irin wanda ke cikin nono ne. Inda magana ta rage shi ne fata. An lura ƙyasbi da ƙaiƙayin fatar yara sun fi yawa a yankunan alli. Amma da jami'ar Nottingham ta jagoranci gwaji da yara fiye da 300, aka sa wa wasu gidajen na'urar tausasa ruwa aka bar wasu, sakamakon da ya fito a 2011 bai nuna na'urar ta kawo sauƙi ga yaran da suka riga suka kamu ba.

To me ya hana a cire allin tun daga matatar gari? Ba rashin dabara ba ne. Tun 1841 wani malamin kimiyya a Aberdeen, Thomas Clark, ya yi rajistar hanyarsa, mai kama da wasa: a zuba wa ruwan ƙonanniyar farar ƙasa, ita ta shanye iskar kabon ɗin da ke riƙe allin, sai na ciki da wanda aka zuba su kwanta tare a ƙasa. Har yau akwai ma'aunin allin ruwa da ke ɗauke da sunansa. Wasu manyan biranen Birtaniya ba su ma buƙaci dabarar ba, don sun tafi tsaunuka sun janyo ruwan da bai taɓa alli ba. Gilasgo ta janyo daga tafkin Katrine a 1859, Mancesta daga Thirlmere a 1894, Bamingham daga kwarin Elan na ƙasar Wales a 1904, ta hanyar ruwa mai tsawon fiye da kilomita 100 ba tare da famfon turawa ba. Landan ma an kawo shawarar ta janyo daga Wales a ƙarshen ƙarni na 19, maganar ta mutu a takarda. Banda wani yanki na kudu, wajen Sutton, inda tsohuwar doka ta tilasta wa kamfanin ruwa ya rage allin, sauran birnin yadda ruwan ya zo da allinsa haka ake tura shi.

Ruwa mai laushin ma ba waliyyi ba ne. Ruwan da bai ƙoshi da dutse ba mayunwaci ne, abin da ya samu yake lasa. A Gilasgo tsofaffin bututun darma ya riƙa ci, mutane suna shan gubar shekara da shekaru, har sai da aka fara zuba masa farar ƙasa da gangan a ƙarshen shekarun 1970. Abin da mutanen Landan ke kankarewa suna tsaki, shi wasu suka saya da kuɗi suka zuba. Siririn ƙanzon da ke shafe cikin tsohon bututu yana ɗan raba ruwa da ƙarfe.

Duk da haka, a ganina hujjar barin abin yadda yake ba ta da ƙarfin da ake ba ta. Amstadam ta ƙasar Holan tun shekarun 1980 take rage allin ruwanta a matata. Ana tura ruwan sama ta cikin wasu dogayen tankuna masu ɗauke da tsabar yashi, a ɗiga sinadarin soda, allin ya riƙa naɗe tsabar har ta zama ƙwallaye kamar gero, a kwashe a sayar wa masana'antu. Ba duka suke cirewa ba, suna barin abin da zai hana ruwan yunwa. Kofanhegan ta Denmak ma ta bi sahu a shekarun baya-bayan nan. Kuɗin alli dai dole wani ya biya. Ko a biya shi sau ɗaya a matata a raba wa kowa, ko a bar kowane gida ya biya nasa a ɓoye, ta hanyar omo, mai gyaran boila, da butar da aka jefar. Hanya ta biyu ba ta fitowa a takardar kuɗin ruwa, shi ya sa ba ta da mai yi mata zanga-zanga. Kuma ta fi cin ɗan haya, wanda ba shi da ikon taɓa bututun gidan da yake ciki.

Mai gidan kansa yana iya sa na'urar tausasa ruwa a inda bututu ya shigo. Cikinta wasu ƙananan ƙwallayen roba ne da ke musaya: su karɓi kalsiyam su ba da sodiyam, idan sun cika a wanke su da ruwan gishiri. Tana aiki, babu ja. Amma duk miligiram 100 na allin da ta cire tana mayar da 46 na sodiyam, wato ruwan Landan zai fito da fiye da 100 a lita, inda iyakar doka take 200. Shi ya sa ake barin famfo ɗaya a kicin da bai bi ta cikinta ba, domin sha da haɗa madarar jarirai, da kuma masu hawan jini. Su kuwa 'yan maganaɗisun da ake ɗaurawa a jikin bututu, ba sa cire komai daga ruwan, iƙirarinsu shi ne suna canza yadda allin ke daskarewa, kuma gwaje-gwaje ba su tsaya a magana ɗaya ba. Ni ba zan sa kuɗina ba.

Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin matsalar Turai, sai na tuna Sakkwato. Ita ma teku ya taɓa kwanciya a kanta, ya bar dutsen farar ƙasa na Kalambaina wanda ake siminti da shi, kamar yadda ake yi a Malbaza ta Nijar da Ashaka ta Gombe. Duk rijiyar burtsatsen da ta ratsa irin wannan dutse, ruwanta zai zo da hali irin na Landan. Da can ba a damu ba, don tukunyar ƙasa da murhu ba su da elemen. Yanzu da hita, dutsen guga mai tururi, injin wanki, da na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa suka shiga gidaje, lissafin ya canza. Har faifan sola, idan ana wanke shi da irin wannan ruwa a tsakar rana, yana bushewa ya bar hazon da ke tare haske. Sau da yawa ana ɗora laifin mutuwar hita a kan wutar da ke rawa ko a ce jabu ce, ba wanda ya dubi farin da ya naɗe ta. Iyayenmu mata kuma sun riga Clark a nasu fagen. Kanwar da ake jefawa a tukunyar wake, da ruwan tokar da ake wanki da shi, suna kama kalsiyam su kwantar da shi. Wake yana ƙin nuna a ruwa mai alli saboda kalsiyam na ƙara ɗaure ɓawonsa, kanwa kuma ta kwance.

Da yamma Yaya ta ce in zo in ga yadda ake yi. Ta yanka lemun tsami biyu ta matse a butar, ta jefa ɓawon, ta cika ruwa zuwa rabi ta kunna. Ta ce ruwan khal ma yana yi, ko garin tsami na sitirik da ake sayarwa a kanti, amma kada a kuskura a haɗa su da bilic, kuma kada a sa wuƙa ko soson ƙarfe. Tun kafin ruwan ya tafasa na ji wani shuu, ƙananan kumfa suna tasowa daga jikin ƙanzon, iskar kabon ɗin da ke cikin dutsen ce ke fita. Ta kashe ta bar shi har muka idar da magariba. Da muka dawo ɓawon ya saki, yana yawo fale-fale, gindin butar yana ɗaukar ido. Kan shawar kuma ta cire ta jiƙa a roba ya kwana. Ta ɗauraye butar sau biyu, ta miƙo mini.

"Ga ta nan. Kafin ka koma gida ka sake leƙawa."

Kwana goma sha biyu na ƙara a gidan. Ranar da zan tafi filin jirgi na ɗaga murfin, har wani farin zobe ya fara zagaye gindin.